Wa Ke Biyan Kuɗin Koyon Aiki a Bakin Kogin Challawa

Wanda duk ya fita daga birnin Kano ta kudu maso yamma, ya bar ganuwa a bayansa, ya ratsa ta Sharaɗa ya miƙi hanyar Panshekara, to kafin ya isa bakin kogin Challawa hancinsa zai riga idonsa sanin inda ya nufa, domin warin jima da na ruwan masana'antu su ne ke fara tarbar baƙo a wannan yanki, sa'an nan dogayen katangu da manyan ƙofofin ƙarfe su biyo baya, waɗansu ana ta shige da fice a cikinsu, waɗansu kuwa tsatsa ta cinye makullansu tun shekaru da dama. Galibin mutane idan aka ambaci Panshekara ba abin da ke faɗo musu a rai sai gidan ruwa da kamfanoni. Ni kuwa duk lokacin da na bi wannan hanya wata mas'ala dabam ce ke damuna, wato yadda aka yi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ta zauna daf da Sharaɗa, har mai keke zai je ya dawo tsakanin azahar da la'asar, amma duk da wannan maƙwabtaka ilimin da ake karantarwa a can da aikin da ake yi a nan suka shafe shekaru suna gaisuwa daga nesa. Da na bi diddigin al'amarin, sai na tarar asalinsa yana komawa ga tambaya ɗaya wadda ta girmi jami'a ta girmi masana'anta: idan yaro zai koyi ilimi ta hanyar yin aiki na haƙiƙa, wa zai ɗauki nauyin kayan da zai ɓata kafin ya gwanance?

Kakanninmu sun amsa wannan tambaya tun da daɗewa, kuma sun amsa ta a majema da marina da maƙera. Mu ɗauki jima, tun da ita ce sana'ar da har yau ta fi kowace suna a Challawa. Yaron da aka kai wa majemi, ko wanda ya tashi ya tarar da ita a gidansu, ba a karɓar ko anini daga hannun ubansa da sunan kuɗin koyarwa. Ƙarfinsa shi ne ladan malaminsa, cinsa da suturarsa kuma suna wuyan maigida. Zai fara da ɗebo ruwa da tsima fata, daga nan ya koyi haɗa ruwan toka wanda ke sa gashi ya saki, ya koyi kankare fata da wuƙa ba tare da ya huda ta ba, ya koyi tausasa ta, sa'an nan ya kai ga daka bagaruwa da sanin gwargwadon da za a zuba da kwanakin da fata za ta yi a ciki kafin ta jemu. Idan aka zo rini kuwa, ja daga karan dafi yake fitowa, rawaya daga gangamau, baƙi kuma daga kuloko wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Ka ga ke nan majemi ɗaya yana bukatar mahauci da manomi da maƙeri kafin fatarsa ta isa hannun baduku, wanda zai mai da ita sirdi ko kube ko takalmi ko gafakar da malami ke adana littattafansa. A yau da za a rarraba abin da wannan yaro ya sani bisa ga fannonin jami'a, da sai a kai wani ɓangare sashen kimiyyar sinadarai, wani sashen tsirrai, wani sashen dabbobi, wani sashen kasuwanci. Shi kuwa gaba ɗaya ya karɓe su a dunƙule, saboda aikin da ke gabansa guda ne, kuma fatar da ya lalata ranar farko asarar maigida ce, wadda ya yafe da sanin cewa za ta dawo masa ninki idan hannun yaron ya faɗa. A ƙarshe kuma, in yaro ya kawo ƙarfi, maigida ya sallame shi da ɗan jari da albarka.

Malamanmu ba su ɗauki wannan a matsayin abin da ke wajen addini ba. Imam Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u cewa likitanci da lissafi da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa farillai ne na kifaya, wato idan gari ya rasa mai yin su gaba ɗaya mutanensa sun shiga laifi. Ibn Haldun kuma a Muƙaddimarsa ya yi dogon bayani a kan cewa sana'a malaka ce da ke zama a jiki ta hanyar maimaitawa a gaban gwani, har ya lissafa karantar da ilimi kansa a cikin jerin sana'o'i. Mafi kusa da mu shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda a cikin Usulus Siyasa, littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a da zaunar da su a garuruwa da ƙauyuka cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba. Saboda haka lokacin da Bajamushen nan Barth ya iso Kano a 1851 ya ga marina da masaƙa da dukawa, ya yi mamakin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu, abin da ya gani ɗin amfanin wani tsari ne na koyarwa mai daɗaɗɗen tarihi, wanda kasuwa ke ciyar da shi, sarauta ke karɓar kuɗin karofi daga gare shi, malamai kuma ke ba shi hujja. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi da aka jeme a wannan ƙasa ita ce ayari ke ƙetarawa da ita Sahara, Turawa su saye ta a gaɓar teku suna kiranta fatar Maroko.

Da Nasara ya ci ƙasa a 1903, ya buɗe makarantarsa ta farko a Nasarawa a 1909 ƙarƙashin Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, abin lura shi ne ba ta karatu da rubutu kaɗai ya tsara ba. Akwai ɓangaren 'ya'yan sarakuna, akwai na malamai, akwai kuma na sana'a inda ake koyar da dukanci da kafinta da ƙira. A nan ne aka fara ganin sabon mai ɗaukar nauyi, wato baitulmali, wanda ke tara haraji da jangali, ya ware wani kaso domin makaranta. Sai dai tun daga wannan lokaci hanya ta fara rabuwa biyu, domin wanda ya iya alƙalami shi ke zama malamin ofis ko malamin makaranta, musamman bayan buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, shi ake yi wa albashi da girma, alhali wanda ya iya zarto da guduma ya tsaya a matsayin ma'aikacin hannu. Wannan fifiko da aka ba takarda a kan aiki ya shiga jinin iyaye da 'ya'ya, kuma har yanzu muna fama da shi.

Amma babban darasin da Panshekara ta bayar ya zo ne a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A lokacin birni yana shan ruwan rijiyoyi da kududdufai, jama'a kuwa tana ta ƙaruwa tun isowar jirgin ƙasa a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa. Sai En'en Kano, wato hukumar mulkin gargajiya, ta ɗauki aikin da ba a taɓa yin irinsa a Arewa ba: a jawo ruwa daga kogin Challawa, a tura shi ta bututu zuwa matattara a kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro wa birni, a kuma kafa injin wutar lantarki a nan bakin kogi domin ya juya famfunan ya kuma haskaka gari. An gama aikin a farkon shekarun 1930, kuma kuɗinsa daga baitulmalin Kano ya fito, wato daga harajin talakan Kano da jangalin Bafulatanin Kano. Abin da nake so mai karatu ya tsaya ya yi nazari a kansa shi ne irin ilmin da wannan aiki guda ya tattara: akwai mai safiyo da ya auna tudu da gangare, akwai injiniyan ruwa, akwai na lantarki, akwai likitan da ya san illar ruwa mara tsabta, akwai ma'ajin da ya yi lissafin abin da za a kashe da abin da za a karɓa, akwai kuma sarki da hakimai da masu unguwanni da suka shawo kan jama'a. Injiniyoyin Turawa ne, gaskiya ne, amma hannayen da suka haɗa bututu, suka kula da injuna dare da rana, suka koyi gyaran abin da ya lalace, hannayen 'yan ƙasa ne, kuma ma'aikatar ayyuka ta En'e ta zama makarantar da ta yaye makanikai da masu gyaran famfo da na wuta. Ba wanda ya kira wannan koyarwa a lokacin, domin kuɗin an ware shi ne da sunan ruwa. Ilimin ya biyo aikin kamar yadda zani ke biyo mai shi.

Ruwa da wuta da layin dogo su suka share wa masana'antu fage. An fara da Bompai a gabashin birni, inda aka kafa injunan matse man gyaɗa da masana'antun sabulu da turare da alewa da kwanuka da tufafi, akasari da jarin Kwarori da Turawa, tare da attajiran Kano da suka shigo a hankali. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 aka ba Audu Baƙo gwamna, kuɗin man fetur kuma ya fara kwararowa, sai aka yanka Sharaɗa kashi-kashi, daga baya aka buɗe yankin masana'antu na Challawa a nan gefen Panshekara cikin ƙasar Kumbotso. Wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, wanda ya zauna cikin ma'aikatan Kano ya fitar da littafi a kansu a 1986, ya nuna cewa da yawansu daga makarantun allo suka fito. Almajirai ne da gardawa da 'yan cin rani waɗanda suka koyi sarrafa inji a gindin inji, kamar yadda kakanninsu suka koyi jima a bakin kwatarniya. Ita kanta jimar ta sauya kama, domin gishirin kuromiyam ya maye gurbin bagaruwa: abin da a da yake cin kwanaki ya koma aikin yini guda a cikin manyan ganguna masu juyawa, fata ta fito shuɗiya-shuɗiya a jiƙe, a yi lodinta zuwa Italiya da Sifen inda za a ƙarasa ta a yi jaka da takalmi masu tsada. A nan ne ilimin majemi na gado ya tsaya, domin wannan sabon sinadari bai san shi ba, bai kuma san abin da yake yi wa ruwa da ƙasa da jikin ɗan Adam ba. Bukatar jami'a ta taso ke nan a fili.

Jami'ar kuwa daga wata jijiya dabam ta tsiro. Asalinta Makarantar Shari'a ce da aka buɗe a Kano a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A cikinta aka kafa Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962 sai aka mai da sunan kwalejin Abdullahi Bayero, wato sunan sarkin nan da aka yi aikin ruwan Challawa a zamaninsa. Ta zama kwalejin jami'a a 1975, ta tsaya da ƙafarta a 1977 ƙarƙashin Dokta Mahmud Tukur. Larabci da addinin Musulunci da tarihi da harsuna su ne ginshiƙanta na farko, kimiyya da fasaha da likitanci daga baya suka zo. Tsarin da aka gada daga Ingila, wanda rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya ɗora jami'o'in Nijeriya a kansa, tsari ne na rarrabewa: kowane fanni da sashensa, kowane rukuni na sassa da tsangayarsa, kuma kuɗin gwamnati yana bin wannan rabo ne, albashi ya tafi ga malamin sashe, kayan aiki su tafi ga ɗakin gwajin sashe, ƙarin girma kuma ya dogara ga abin da malami ya wallafa a fanninsa. Kalmar tsangaya da muka ara muka sa wa waɗannan rukunoni kalma ce mai daraja, amma a tsangayar asali gardi da ƙolo da alaramma wuta ɗaya suke kewayewa da dare, kuma gona ɗaya suke nomawa da damina.

Ba a rasa inda aka gwada haɗa fannoni a kan aiki guda ba, kuma Zariya ce ta riga kowa. A Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, an kafa wani rukuni na nazarin tattalin arzikin karkara a tsakiyar shekarun 1960 ƙarƙashin David Norman, inda masana tattalin arziki da na zamantakewa da na labarin ƙasa suka zauna da manoman ƙauyukan Zazzau shekara da shekaru, har suka tabbatar da hujja cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda malaman gona suka daɗe suna yi wa kallon jahilci, hikima ce mai riba da rage kasada. Sai dai idan ka bincika wa ya biya, za ka tarar kuɗin waje ne ya fi yawa a ciki, kamar yadda kuɗin gwamnatin Amurka ya kawo malaman Jami'ar Jihar Kansas suka taimaka wajen gina tsangayoyin noma da likitan dabbobi a Zariya. Wannan ita ce al'adar da ta zaunu: duk aikin da ya ƙetare iyakar sashe ɗaya sai a nemo masa mai taimako daga ƙetare, in ya tafi aikin ya kwanta.

Gwamnatin tarayya ta ga giɓin, kuma yunƙurinta na farko ya cancanci yabo. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, da Doka ta 47, aka wajabta wa kamfanoni su riƙa zuba wani kaso a cikinsa. A 1973 kuma asusun ya fito da shirin SIWES, wanda ɗalibai ke kira ai-ti, inda ɗalibin injiniya ko kimiyya ko noma zai bar aji ya yi watanni a masana'anta, ana ba shi ɗan alawus, malaminsa kuma ya zo duba shi. Dubban ɗaliban Bayero da na Zariya da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka fara taɓa inji da hannunsu ta wannan hanya. Amma nauyin ya yi wa asusun yawa, har ya janye a 1978, aka miƙa shirin ga hukumar jami'o'i da ta ilimin fasaha, sa'an nan aka mayar masa da shi a 1984. Illar shirin kuma ita ce ɗalibi shi kaɗai yake zuwa, da sunan sashensa, ya cika littafin rajista da abin da ya gani. Ba a taɓa tsara shi a kan a damƙa wa ayarin ɗalibai wata matsala ta masana'anta a ce su warware ta ba.

Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP darajar naira ta faɗi, jami'a da masana'anta suka shiga ƙunci a lokaci guda. Mai masana'anta ya kasa sayen kayan gyara da sinadarai daga waje, wutar lantarki ta zama sai an yi sa'a, tufafin ƙetare masu araha suka cika kasuwar Kwari, masaƙu suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya. A jami'a kuwa ɗakunan gwaji suka bushe, littattafai suka daina zuwa, manyan malamai suka yi hijira. A cikin wannan hali ne ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega, wanda malami ne a Jami'ar Bayero, ta shiga yajin aikin 1992, ta kuma kawo shawarar da a ganina ita ce mafi muhimmanci a tarihin kuɗin ilimi a wannan ƙasa: tun da kamfanoni su ke cin moriyar waɗanda jami'a ta yaye, to a ɗora musu haraji na musamman domin ilimi. Gwamnatin Babangida ta amince, aka fitar da Doka ta 7 ta 1993, wadda ta yanka kashi 2 cikin 100 na ribar kowane kamfani. Da farko asusun yana hidima wa dukan matakan ilimi tun daga firamare. A 2011 aka sake masa doka aka keɓe shi ga manyan makarantu da sunan TETFund, ana raba kuɗin kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga na horar da malamai. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a 2021, sa'an nan kashi 3 a 2023.

Lalle duk wanda ya san jami'o'inmu kafin wannan asusu da bayansa ba zai yi masa butulci ba. Manyan ɗakunan lacca da ɗakunan karatu da na gwaji da ke sabuwar harabar Bayero a kan hanyar Gwarzo, da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da ɗaruruwan malaman da aka tura suka yi digirin digirgir, da yawansu albarkacinsa ne. Akwai kuma kason bincike na ƙasa da ke ƙarfafa malamai su haɗu daga fannoni dabam-dabam su nemi tallafi tare. A haƙiƙa wannan haraji ya dawo da wani abu na tsohuwar al'ada, wato mai sana'a ya ɗauki nauyin mai koyo. Amma akwai bambanci mai girma, kuma shi ne abin da ke yi mini ciwo. Maigida a da ya san fuskar yaronsa, ya san fatar da ya ɓata, ya san ranar da hannunsa ya faɗa. Mai masana'antar Challawa kuwa harajinsa Abuja yake tafiya, ya gauraya da na bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa, ya dawo Kano a siffar gini mai allon suna a jikinsa, ba tare da shi da ɗalibin da ke zaune a ginin sun taɓa haɗuwa ba. Gini kuwa abu ne mai sauƙin lissafi ga mai binciken kuɗi, ana ganinsa ana ƙirga shi. Kuɗin motar da za ta kai ɗalibai goma bakin kogi sau ashirin, da sinadaran da za su ƙare a gwaji, da lokacin malamai uku daga tsangayoyi uku da za su zauna da su, waɗannan ba su da gurbi tabbatacce a kasafin kowane sashe. Saboda haka aikin binciken shekarar ƙarshe, wanda ɗalibai ke kira furojet, kuma wanda shi ne kaɗai lokacin da ɗalibi ke fuskantar matsala ta haƙiƙa, galibi daga aljihun uba ake biyansa, kuma ɗan talaka dole ya zaɓi batun da bai wuce ƙarfin aljihun ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa irin wannan koyarwa tana da farashi, kuma an tanadar mata. A Jami'ar Cincinnati ta Amurka, tun 1906 Herman Schneider ya tsara ɗaliban injiniya su riƙa karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta, masana'antar tana biyansu lada a matsayin ma'aikata. A Denmark kuma, jami'o'in Roskilde da Aalborg, waɗanda aka buɗe a 1972 da 1974, an gina su ne tun daga tushe a kan aikin ayari: a Aalborg kimanin rabin lokacin ɗalibi a kowane zango yana tafiya ne a kan matsala guda da shi da abokansa za su warware, sau da yawa matsalar wani kamfani ko wata hukuma, ana ware musu wurin zama, ana kuma lissafa sa'o'in malamin da ke duba su cikin aikin da ake biyansa albashi dominsa. Abin koyi a nan shi ne lissafin: an yarda tun farko cewa zaman malami da ɗalibai shida karantarwa ce cikakkiya, daidai da tsayuwarsa gaban ɗari uku.

A Kano ma akwai tsiron da ya kama. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana da cibiyar lafiya a Kumbotso inda ɗaliban likitanci ke zuwa su koyi lafiyar al'umma a cikin al'umma, tazarar 'yar tafiya kaɗan daga Panshekara. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da Jami'ar Bayero ta kafa a 2012 da tallafin Gidauniyar MacArthur, wadda Bankin Duniya ya sanya cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka a 2014, ta haɗa masana ƙasa da tsirrai da dabbobi da tattalin arziki a inuwa guda, ɗalibanta kuma suna fita gonaki. A nan ma dai, kamar Samaru ta shekarun 1960, kuɗin da ya buɗe ƙofar daga ƙetare ya fito.

Alhali ga kogin nan yana gudana a gaban kowa, kuma ruwa ba ya tsami banza. A jimar zamani, kimanin sulusin kuromiyam ɗin da aka zuba ba ya shiga fata, ruwa yake bi ya fita, tare da farar ƙasa da sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa Challawa, na yankin Challawa ya shiga kogin kai tsaye, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. A ƙasan Panshekara akwai matatar ruwa ta Tamburawa, daga nan kogin ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja. Dokokin hana zubar da irin wannan ruwa suna nan tun 1991, hukumar NESREA tana nan tun 2007, hanyar tace kuromiyam a sake amfani da shi kuma sananniya ce a wurin masana, har tana rage wa mai masana'anta kuɗin sayen sabo. Mas'alar tana neman mai ilimin sinadarai ya auna, injiniya ya ƙera matata daidai ƙarfin ƙananan majemu, likita ya duba jikin masunci da mai lambu, masanin tattalin arziki ya lissafa wa mai masana'anta ribarsa, lauya ya duba doka, mai Hausa ya rubuta bayanin yadda manomi zai fahimta. Har malamin fiƙihu yana da kujera a wannan zama, domin kowane yaro da ya karanta Ishmawi ya san hukuncin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita, kuma mutanen ƙauyukan bakin kogi suna bukatar sanin matsayin ruwan da suke alwala da shi. Dukan waɗannan fannoni bakwai ana karantar da su a Jami'ar Bayero.

An kuwa yi bincike a kan kogin, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ɗakunan karatu na sassan kimiyya cike suke da kundaye masu baƙin bango a kan ƙarafa masu guba a ruwan Challawa da kifinsa da ganyayen lambunsa, kowanne aikin ɗalibi ɗaya ne ƙarƙashin malami ɗaya a sashe ɗaya. Idan rani ya yi, masu lambu suka kafa injunan ban-ruwa a gaɓa suna shayar da latas da alayyafo da albasa, za ka iya cin karo da saurayi ko budurwa sun sauka daga babur mai ƙafa uku da jarkoki ƙanana a cikin leda, su tsuguna su ɗebi ruwan, su rubuta lamba a jikin kowace jarka, su gai da mai lambun da sannu da aiki, Baba, shi kuma ya amsa musu ya tambaye su ko daga gwamnati suke, su ce a'a, daga makaranta.